Kantin Kwari: Kasuwar da Ba a Neman Aiki da Takarda

Kantin Kwari ba ta tashi da wuri. Wanda ya biyo titin IBB ta wajen Ƙofar Mata da ƙarfe takwas na safe zai tarar da yawancin shaguna a garƙame, 'yan tebur ba su buɗe lema ba, hayaniyar da aka san kasuwar da ita kuwa sai hantsi ya dubi ludayi take kankama. Amma ko a wannan lokaci bakin layuka ba ya rabuwa da jama'a. Ga 'yan dako sun jingina da bango, kowa da gammonsa, wasu na shan koko da ƙosai. Ga samari riƙe da makullai suna jiran 'yan'uwansu su iso a ɗage ƙofa, a share, a jera kaya kafin maigida ya shigo. Ga kuma wasu da ba su da gammo, ba su da makulli, sun yi wanka sun sa tufafi masu tsafta, suna tsaye suna bin duk motar da ta tsaya da kallo. Su ma aiki suke nema, sai dai ba za ka ga takarda a hannun ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ya kawo ni ke nan: in ga yadda ake samun abin yi a wurin da ke ciyar da dubban gidaje, alhali ba a taɓa manna sanarwar ɗaukar ma'aikata a bangonsa ba.

Kasuwar tana cikin Fagge, a wajen ganuwar birni, titunan IBB da Ibrahim Taiwo da Unity sun yi mata ƙawanya. Asalinta kantunan Kwara ne, fataken Lebanon da Siriya da suka zauna a wannan yanki bayan layin dogo ya iso Kano a 1911. Hausawa da yawa a hannunsu suka koyi cinikin yadi, suna yaran kanti, kuma dokar 1972 da ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan harkokin ciniki ta taimaka wajen dawo da kantunan hannun 'yan gida. Har yau da "gida" ake kiran manyan gine-ginen kasuwar, gidan wane da gidan wane, kowane da benaye da lunguna da ɗaruruwan shaguna. Ana kiran ta kasuwar tufafi mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma in ka tsaya a layin Ta'ambu ka kasa kunne ba za ka yi musu ba. Za ka ji Hausar Maraɗi da ta Damagaram, ka ji Fulatancin Garwa da Marwa, ka ji Larabcin Chadi, ga Yarabanci da Barbarci suna ratsawa. Atamfa, shadda, leshi, yadin maza, mayafi da abaya, daga mai sayen turmi ɗaya har mai ɗaukar dila hamsin.

Wa ya tsaya maka?

Babbar ƙofar shiga Kwari ita ce zama yaron shago, kuma ba a shigarta da ƙafar kai. Kawo mutum ake yi. Uba ne ko kawu, ko limamin unguwa, ko wani tsohon abokin ciniki, zai riƙo hannun yaro ya zo da shi bayan an yi sallar azahar, lokacin da maigida ya ɗan sarara. A gaisa, a tambayi iyali da kasuwa, sannan a zo kan magana da kalmomin da kusan ba sa sauyawa: "Alhaji, ga ɗanka nan na kawo maka. Amana ce." Maigida ya dubi yaron ya ce, "Allah ya ba mu ikon riƙewa. Gobe ya fito da wuri." An gama ɗaukar aiki ke nan. Ba a yi zancen albashi ba, ba a yi zancen shekaru ba.

Wanda ya zo shi kaɗai ya ce yana neman aiki, tambayar farko da zai sha ita ce, "Ɗan gidan wa ne kai?" Ta biyu kuma, "Wa ya tsaya maka?" Baƙo zai iya ɗaukar wannan a matsayin son kai, amma iyayen gida suna da hujjarsu. Yaron shago yana kwana da makullin dukiyar miliyoyi. Shi ake aika sito, shi ke karɓar kuɗi in maigida ya tafi masallaci ko ya yi tafiya Sin ko Dubai sayayya. In ya yi ɓarna, ba kotu ake fara zuwa ba, wurin wanda ya kawo shi ake zuwa. Mutuncin wannan dattijo shi ne jinginar da aka ajiye, kuma yaron ya san in ya ci amana ba kansa kaɗai ya zubar wa girma ba.

Watannin farko na gwaji ne, ko da ba a faɗa ba. Shara, ɗebo ruwa, sayo abinci, ninke atamfar da mai saye ya sa aka warware har kala goma bai ɗauki ko ɗaya ba. Ana kallon lokacin da yake zuwa, da yadda yake amsa kira, da ko canjin aike yana dawowa cif. 'Yan kasuwa na ba da labarin iyayen gidan da kan bar kuɗi a fili da gangan don su ga halin sabon yaro. Da yamma a ba shi kuɗin abinci da na mota, da salla a yi masa ɗinki. A hankali sai ya fara gane kaya da hannu: ya bambanta shaddar Getzner ta Ostiriya da wadda aka kwaikwaya, ya san atamfar Holan ta gaske da mai kama da ita, ya haddace farashin sari da na ɗai-ɗai, ya san wane abokin ciniki ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri. Ranar da maigida ya bar shi ya yanke farashi da kansa, ranar ya hau mataki.

Ƙarshen tafiyar shi ne sallama. Bayan shekaru, maigida ya kama masa shago ko tebur, ya ba shi jari ko ya zuba masa kaya bashi, wani ma har ya yi masa aure. Wannan tsari ya girmi kasuwar kanta. Da shi fataken goro suka riƙa bin hanyar Gwanja, kuma Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da irinsa ya shimfiɗa harkar gyaɗarsa, yana ba yaransa jari suna shiga ƙauyuka saye. Da wuya ka sami babban ɗan kasuwa a Kwari da ba zai iya gaya maka a hannun wa ya tashi ba.

Gammo da amana

Wanda ba shi da mai tsaya masa, jikinsa ne jarinsa. Yawancin 'yan dakon kasuwar 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina, da ƙetaren iyaka ta Nijar. Suna shigowa bayan an gama girbi, su koma in damina ta faɗi, ko da yake yanzu da yawa sun daina komawa, wasu saboda gona ba ta riƙe gida, wasu saboda rashin tsaro ya hana noma.

Kallon nesa zai sa ka zaci kowa na iya naɗa gammo ya shiga. Ba haka abin yake ba. Kowane gida da kowane layi da 'yan dakonsa da shugabansu, kuma sabon zuwa ta hannun ɗan garinsu yake shigowa, wanda zai gabatar da shi, ya nuna masa wurin kwana, ya koya masa lungunan kasuwa. Idan babbar mota ta iso da dare ko da sassafe, an san waɗanda ke da haƙƙin sauke ta. Na tsaya na kalli yadda mutum biyu ke ɗora wa na uku dila a ka, ya miƙe da ita wuya na rawa, ya kutsa cikin cunkoso yana "Hanya! Hanya! A gafara!", jama'a na darewa ba tare da sun waiwaya ba.

A nan ma gaskiya ce ke ɗaga mutum. Hajiyar da ta zo daga Yola ko Gombe sari ba ta iya bin ɗan dako a guje. Kaya za ta ɗora masa ta ce ya kai wurin masu ɗauri, ko ya sa a mota zuwa tasha, ta ci gaba da sayayya. In ya kai lafiya sau ɗaya, sau biyu, ta karɓi lambar wayarsa. Nan gaba ba sai ta zo ba: ta turo kuɗi, shi zai zagaya shaguna ya haɗa kayan, ya kai tashar Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa, ya turo mata lambar direba. Ɗan dako ya zama wakili ke nan, kuma daga nan wasu ke tara abin kama tebur.

'Yan baranda

Samarin nan masu tsafta da ke tsaye a bakin layi su ake kira 'yan baranda, wasu su ce 'yan kayi-nayi. Ba su da shago, ba su da kaya, amma kasuwar tana cikin kansu. Da ka sauko daga adaidaita sahu za su tare ka: "Hajiya, me ake nema? Kayan lefe ne ko anko?" "Alhaji, akwai shadda sabon shigowa, zo ka gani, gani ba saye ba ne." In ka bi ɗaya, zai ratsa da kai ta lungunan da ba za ka iya maimaitawa ba, ya hau bene ya sauka, ya ajiye ka a kan benci, ya ɓace, ya dawo da kala biyar na abin da ka kwatanta. Ladansa na fitowa ta hanya biyu: ko mai shago ya ba shi la'ada, ko shi ya ɗora wani abu a kan farashi.

Masu shaguna suna ƙorafi a kansu, suna cewa suna tsauwala wa baƙi har su ɓata wa kasuwa suna. Amma ba sa korar su, domin shagon da ke can ƙuryar bene na biyu ba zai ga mai saye ba in ba su kawo shi ba. Ga matashin da ba shi da uba a kasuwa kuma ba zai iya dako ba, baranda ce makarantar da ba a biyan kuɗin shiga. Wanda ya yi haƙuri da ƙaramar riba yana tara abokan ciniki, kuma mai shago da ya ga yana kawo mutane kullum ba tare da rigima ba, wata rana shi da kansa zai ce masa, "Kai, me zai hana ka zauna a nan?" Wanda kuwa ya zaɓi ya yanki baƙo sau ɗaya, zai shekara goma a bakin layi.

Shago a cikin waya

Abin da ya fi sauya hanyar neman abinci a Kwari cikin 'yan shekarun nan shi ne wayar hannu. A kusan kowane shago za ka ga wani ya baza atamfa a ƙasa yana ɗaukar hoto, yana neman inda haske ya fi kyau. Hotunan nan kafin la'asar sun zagaya WhatsApp da Instagram da TikTok. Wanda ya ɗora su bai sayi ko yadi ɗaya ba. Sai an yi oda an turo kuɗi zai zo ya biya mai shago farashin sari, ya riƙe abin da ya hau, ya ba mai kai saƙo.

Mata ne suka fi cin moriyar wannan. Zaman shago a Kwari kusan duk na maza ne, matan da ke aiki a ciki galibi masu abinci ne da masu fura da zoɓo. Amma daga cikin gidaje a Hotoro da Rijiyar Zaki da Gwammaja, har Kaduna da Abuja, matan aure da ɗalibai suna sayar da kayan kasuwar ba tare da sun taka ta ba. Sana'ar dillaliya ce da aka sani tun kaka da kakanni, mai ɗaukar ƙullin kaya gida-gida, sai dai yanzu ƙullin ya koma hoto. Ita ma hanyar shigarta ɗaya ce da sauran: wani yaron shago da aka yarda da shi, wanda zai turo kalar da aka zaɓa ba wata ba.

A gefen wannan wasu ayyuka suka tsiro. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya sa masu POS sun cika kowace kusurwa. Ga masu ɗaurin kaya da buhu da igiya, ga masu kai saƙo, ga masu cajin waya. In ka fita ka nufi cikin Fagge kuma, ƙarar kekunan ɗinki za ta tare ka, inda teloli da masu aikin wuya ke karɓar yara koyo bisa irin sharaɗin da ake karɓar yaron shago.

Masu kwali a bakin tebur

Da azahar, lokacin da layuka ke cika da tabarmi ana sahu, za ka lura da samari da yawa da harshensu ke nuna sun yi zaman aji. Wasu sun gama Jami'ar Bayero, wasu Kano Poly, wasu jami'ar Wudil, sun yi bautar ƙasa sun dawo. Hanyar da suka fara bi kowa ya san ta: a je shagon intanet a cike fom duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar 'yan sanda ko kwastan ko jami'an shige da fice, a buga takarda, a jira sunaye. Ba a manta da ranar 15 ga Maris 2014 ba, da masu neman aikin shige da fice suka yi dafifi a filayen wasa bayan kowa ya biya naira 1,000, aka rasa rayuka a turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya ɗebi wasu a kan naira 30,000 a wata, amma na wa'adi ne, ya ƙare suka dawo inda suke. Ga kuma 'yan damfara masu sayar da takardar kama aiki ta bogi, waɗanda suka raba iyaye da yawa da gona ko fili.

Akwai wata ƙofa da iyayensu suka sani wadda su ba su tarar ba, wato ƙofar masaƙa. Tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar Kaduna, unguwar Kakuri ta zama matattarar ma'aikata, haka ma Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Mutum kan je bakin ƙofa da safe a ɗauke shi, ya sami albashi da ƙungiya da fansho. Rashin wutar lantarki da tsadar man injin da kwararowar kaya masu araha daga waje suka durƙusar da masaƙun ɗaya bayan ɗaya, musamman daga farkon shekarun 2000. Yau galibin atamfar da ke Kwari daga Sin take zuwa. Aikin saƙa ya ƙaura can, aka bar mana na saye da sayarwa da ɗauka.

Mai digirin da ya shigo kasuwa yana da abin da maigida ke buƙata. Shi ke rubuta lissafi a kwamfuta, ya bi diddigin kuɗin da aka turo ta banki, ya yi musayar saƙo da kamfani a Guangzhou, ya san takardun fito. Sai dai kwalinsa ba ya tsallakar da shi shara da aike. Iyayen gida na yawan cewa matsalar ɗan boko gaggawa ce, yana son a yanka masa albashi tun ranar farko. Su kuma samarin suna cewa shekarunsu sun ja, ba za su iya jiran sallamar da ba a sa mata rana ba. Kowane ɓangare da gaskiyarsa.

Inda igiyar ke tsinkewa

Tsarin da aka gina a kan magana, in maganar ta tashi babu abin kamawa. A majalisun bakin shago za ka ji labarin wanda ya yi wa maigida hidima tun yana saurayi har ya yi furfura ba a sallame shi ba. Za ka ji na wanda aka laƙa wa sata daidai lokacin da ya kamata a ba shi jari. Za ka ji na wanda maigidansa ya rasu, magada suka raba dukiya, shi ya tashi da rigar wuyansa, domin ba ya cikin masu gado kuma babu rubutu. Dattawan layi da shugabannin 'yan kasuwa suna shiga tsakani, sau da yawa kuma suna gyarawa, amma sulhu roƙo ne, ba tilas ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 zance ne na ma'aikatan gwamnati da manyan kamfanoni, bai shigo lungunan nan ba.

Idan kasuwa ta girgiza kuma, na ƙasa ne ke fara faɗuwa. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya rage baƙin Nijar da Chadi da Kamaru, haka ma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ambaliyar Agustan 2022 ta shiga shaguna da sito-sito ta lalata kaya masu ɗimbin yawa. Faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023 ta sa jarin da ke sayen kwantena ya koma ba ya cika rabinta. A kowane karo, mai yara biyar ya rage biyu, ɗan dako ya wuni bai ɗauki abin kirki ba, ɗan baranda ya koma gida a ƙafa.

Duk da haka masu neman abin yi ba su daina zuwa ba, kuma sun san lokacin zuwa. Daga Rajab zuwa Sha'aban, sa'ad da bukukuwan aure ke yawaita kafin azumi, har zuwa goman ƙarshe na Ramadan da cinikin kayan salla ke kai wa dare, kowane shago na neman ƙarin hannu. Da yawa daga cikin waɗanda suka zauna daram a kasuwar da taimakon wata guda suka fara, aka ga halinsu, aka ce su ci gaba da zuwa.

Kwari ta riƙe mutanen da ofis bai san da zamansu ba, ta kuma yi hakan ne da abu ɗaya, yarda. Yaro na kawo tasa tun ranar farko, da mutuncin wanda ya tsaya masa a kai. Abin da ya rage shi ne a nemi irin wannan daga ɗaya ɓangaren. Ranar da aka kawo yaro, a gaban shaidun da suka zo da shi, a faɗi shekarun da zai yi da abin da za a sallame shi da shi, a rubuta, shugabannin layi su ajiye kwafi. Addinin da 'yan kasuwar ke bi ya riga ya yi umarni da rubuta bashi, kuma gumin yaro na shekaru bashi ne a wuyan maigida. Masu riƙon amana a cikinsu, waɗanda su ne suka fi yawa, ba abin da wannan zai rage musu.